Ƙafar Hagu da Motar Hajiya Bibata

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Daga mahaifinka Hamidu a Malanbil, zuwa ga ɗana Isuhu a Faraku.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan ka sauka lahiya, ka iske maigidanka da mutanensa lahiya. Allah shi tsare ka a hanya da masauki, shi raba ka da mugun ji da mugun gani, shi sa ka kama aikin ga cikin sa'a.

Ba labarin gida zan ba ka ba, innarka ta fi ni iya wannan a waya. Magana guda ta zaunar da ni. Ran da kake ɗaure kaya na ji kana gaya ma abokanka an ba ka bashe, wato a-kori-kura, mai shan gazuwal, man dizal, za ka riƙa jan rimok, ƙaramar tirela ta shanu, da ita. Sai ka yi dariya ka ce otomatik ce, irin ta Baba, ta hutu, ita ke sa ma kanta giya. Ban ji haushi ba. Ni ma da bakina na faɗi abin da ya fi haka. Amma kana ƙarami lokacin da motar ga ta shigo rayuwarmu, ba ka san yadda anka yi ba, kuma ba na so ka kama irinta da raini a zuciyarka.

Kafin ka yi wayo ni direban kamiyo ne, babbar motar kaya. Albasa nake kaiwa Kwatano, in komo da gishiri da siminti. A tashar Malanbil an san ni da hannu. Ina canza giya da kaya fal, wanda ke zaune gefena ba shi jin ko ƙas. Abin da nake taƙama da shi ke nan. In munka ga ƙaramar mota otomatik ta wuce, ni ke fara cewa ga motar malalata.

Wata ranar kasuwar Gene muna loda shanu, wani jan bijimi ya juyo bisa katakon hawa, ya danne ni jikin mota. Gwiwar hagu ya samu. Anka kai ni asibitin Kandi, daga baya mai ɗori ya yi nasa. Na tashi, na yi tahiya da ƙafata, alhamdu lillahi, amma gwiwar ta sandare. Da na ji ƙarfi na koma tasha, na hau kamiyona, na sa ƙafa bisa ambireyaj, wato kuloci. Ka san nauyinsa. Na taka, na ƙara takawa, zufa ta jiƙe min riga, ya ƙi kaiwa ƙasa. Mai motar mutumin kirki ne, ya jira ni iyakar jira, amma kaya ba su iya zama. Ya miƙa ma wani makulli.

Na koma ƙofar gida na zauna. Innarka ta kama suyar kifi bakin kasuwa, da shi muke ci. In na ji ƙarar kamiyo ta nufi gada sai in juya fuska ga bango.

Ana haka Hajiya Bibata ta zo. Ka san ta yanzu da tsufa, amma lokacin ita ce mai ƙarfin albasa da shinkafa a layinsu, kuma na daɗe ina ɗaukar mata kaya. Ta zauna bisa tabarma, munka gaisa.

"Malam Hamidu, ya ƙafa?"

"Da sauƙi, Hajiya."

"Na sayo bashe daga Kwatano, ta hannu ce amma tana da ƙarfi. Na sa an ƙera mata rimok. Abin takawa biyu gare ta, totur da birki, duk na ƙafar dama. Ina neman wanda ya san hanya, ya san kaya."

Na gane nan take don ni ta zaɓi irin wannan motar. Maimakon in gode, sai zuciya ta taso min. Na ce, "Hajiya, ni direba ne. Motar da ba ta bukatar direba, ki ba yaro."

Ba ta yi fushi ba. Ta gyara mayafi ta miƙe, ta ce, "Tana ƙofar shagona. Ba na gaggawa."

Innarka na bayan ƙyaure tana ji. Da ta kawo min tuwo ta aje, ba ta tahi ba. Ta ce, "Malam, ƙafar ce ta ƙi, ko kai ne ka ƙi?"

Na ja kwanon tuwo gabana. Kuma duk da haka sai da na ƙara zama, har rabin lokacin albasa ya wuce, innarka na tsaye gaban wutar kifi idanunta na zubar da ruwa, ni ina tsaron girmana bisa tabarma. Isuhu, kada ka yanke ma abu hukunci ba ka taɓa shi ba. In mutum ya kawo maka alheri ta ƙofar da ba ka saba ba, ka tashi ka duba tukuna. Ƙin karɓa ba shi da wuya, amma ba kai kaɗai ke shan wahalarsa ba.

Ran da na je, Hajiya ta shiga gaban mota ta ce mu zaga gari. Ba mu kai kwanar kasuwa ba ƙafar hagu ta tashi da kanta tana neman abin takawa, ta faɗa bisa birki. Saura kaɗan goshin Hajiya ya bugi gilashi. Ta dafe ƙirji, ta yi salati, sannan ta fashe da dariya. Ta ce, "Ashe ƙafar na aiki in ta ga dama!" Tun ran nan nake naɗe ta can ƙarƙashin kujera. Kai ma da ka saba da kamiyo haka za ta yi maka. Ka aje ta gefe tun kafin ka tada mota.

A ƙauyen Garu na fara sanin abin da ke hannuna. Anka cika min rimok da buhunan shinkafa bakin fadama, wurin da rairayi ke da zurfi, ga ɗan hawa kafin a kai hanya. Da kamiyo ne, nan za ka yi ta lallashin ambireyaj, mota na tsalle, wari na tashi. Na ce ma raina yau za a yi min dariya. Na saki birki, na taka totur kaɗan. Ba ta zabura ba. Ta jingina da kayan kamar yadda tsohon san noma ke jingina da karkiya, ta ja a hankali, ƙarfin na ƙaruwa ba tare da ya yanke ba, har munka hau tudu. Masu lodi sunka bi mu da ido. Ni kuwa na tsaya gaba kaɗan, na dafa sitiyari. Ranar na tabbata zan sake ciyar da gidana.

Kojo ne ya bayyana min dalili. Makanike ne ɗan kudu da ya zauna Malanbil har Dendi ya zama harshensa, kuma tun ina kamiyo abokina ne. Ya ce cikin buwat, wato akwatin giya na irin wagga mota, mai ne ke ɗaukar ƙarfin inji shi miƙa ma taya. Shi ya sa babu fizga. Wanda ya zauna ya yi wanga tunani, ko wane ne shi, ina jinjina mai har gobe.

Makiyaya sunka riga kowa ganewa. In ka ɗauki saniya mai ciki a motar da ke fizga duk canjin giya, tana isa da gwiwoyi a goge, wani lokaci ta yi ɓari. A tawa suna tsaye kamar a garke. Ardo Buba, wanda rugarsu ke bayan Garu wajen kogi, ya gwada ni sau guda, daga nan duk kasuwar Gene ba shi ba kowa dabbarsa sai ni. Hajiya ta ce ranakun da babu kayanta in yi aikinsu. Haka munka zama abokai da Ardo, har nono yake aiko ma innarka.

To, daɗin da na ji shi ya kai ni ga kuskure na biyu. Na ɗauka tunda ta iya komi, ba ta bukatar komi. Da bazara, rana tsaka, na ɗauki shanu zuwa Kandi. Na bar ta a giyar sama, iska na tura rimok baya, nauyi ya yi mata yawa. Ina jin ta tana hawa giya tana sauka, tana hawa tana sauka, kamar mai neman wurin zama bai samu ba. Na ji da kunnena, na ce ai ta san aikinta. Da na tsaya wurin jandarma, wari ya bugi hancina kamar gyaɗa ta ƙone a kasko. Da zan tashi, inji ya yi kuka amma motar ta yi jinkiri kafin ta motsa. Nan na san na yi ɓarna.

Na lallaɓa na kai kayan, na komo wurin Kojo. Ya zaro sandar awon man buwat, ya goge ga farin ƙyalle, ya nuna min.

"Hamidu, wane launi ka gani?"

"Kamar shayin da ya daɗe bisa wuta."

"Da ka karɓe ta, ja ne kamar zoɓo. Yaushe rabonka da duba shi?"

Ban taɓa dubawa ba. Man inji kawai na sani.

Ya ce, "Kaya ba su kashe wagga buwat. Zafi ke kashe ta. Ta yi maka haƙuri yau, kada ka sake roƙonta irinsa."

Ya canza mai da matacinsa, ya ƙara mata wani ɗan lagireto gaba don shi riƙa sanyaya man. Ta komo garau, kamar ba abin da ya same ta.

Don haka ga abin da nake so ka riƙe. Kowace sahiya ka duba man buwat yadda kake duba na inji, ka dubi launinsa, ka shinshina. Irin man da anka rubuta mata shi za ka zuba, kada wani mai kwalabe bakin hanya shi ce maka duk mai mai ne. In kana jan kaya kada ka bar ta a giyar sama. Akwai maɓalli ko lamba ta jan nauyi, ka tambaya a nuna maka tun ranar farko, ba abin kunya ba ne. In ka ji tana ta canje-canje, magana take yi maka, ka sauko da ita giya guda ka rage gudu. In za ka gangara da shanu bayanka, ka sa ta ƙasa tun daga sama, kada ka dogara ga birki shi kaɗai. In za ka tsaya a gangare, birkin hannu ka fara ja kafin ka kai sandar giya wurin tsayawa, don kada nauyin rimok duka shi rataya bisa ɗan ƙarfe guda. Kuma batir ɗinka shi zama mai rai, don ita ba a tura ta ta tashi.

Yanzu bari in gaya maka ranar da ba ni mantawa.

Wata damina kogi ya cika ya wuce yadda anka saba. Da hantsi Ardo Buba ya kira ni a waya. Ruwa ya fasa ta bayan fadama, ya zagaye rugarsu. Matasa sun kora manyan shanu sun haye tun da asuba, amma akwai maruƙa da ba su iya iyo, akwai mata da goyo, ga tsohuwarsa da ba ta iya tahiya. Kwalekwalen Garu duka na can wajen wasu ƙauyuka. Na je shagon Hajiya na gaya mata, na ce motar na iya zama can.

Ta ce, "Kana tsaye kana tambayata? Tahi!"

Na shiga da rimok ta hanyar shanu, ruwa na kai rabin taya. Munka loda maruƙan, mata da yara sunka hau bayan bashe, Ardo ya ɗauko tsohuwar ya zaunar da ita gefena. Kafin mu gama, ruwan ya ƙaru. Wurin komowa akwai wani kwari mai laka, nan tayoyin baya sunka fara juyawa wuri guda. Motar ta tsaya. Ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Yara na kuka, maruƙa na kuka, wata mata na kiran sunan Allah da ƙarfi.

Tsoro ya kama ni. Hannuna ya kai ga sandar giya, zan fara bugawa gaba da baya da sauri, totur a ƙasa, yadda na saba da kamiyo. Da na yi haka, ko dai in ƙone buwat ko in binne tayoyin gaba ɗaya. Sai tsohuwar ta ɗora hannunta bisa nawa. Ba ta san komi game da mota ba, Hausarta ma ta kasuwa ce. Ta ce, "Ɗana, sannu. Sannu dai."

Na ɗauke ƙafa. Na jira tayoyi sunka tsaya cak. Na sa ta giyar ƙasa ta farko, na kira Ardo na ce su sa kafaɗa shi da matan da ke da ƙarfi. Sannan na taɓa totur, taɓawa kawai. Isuhu, da ka ga abin da motar nan ta yi. Ta riƙe ƙarfin ba ta sake shi ba, ba ta kuma zubo shi gaba ɗaya ba. Taya ta juya kaɗan, ta kama ƙasa, ta ƙara juyawa. Ina jin rimok na tsotsuwa daga laka a bayana. Babu ƙafar ɗan Adam da za ta iya riƙe ambireyaj daidai haka cikin wannan hali, ko tawa lokacin da take da lahiya. Muna tahiya kamar hawainiya har tayoyin gaba sunka taka tsakuwa. Ban tsaya ba sai bisa tudun makarantar Garu.

Ardo ya zo ta taga, laka har ƙirji. Ya dafa murfin injin da tafin hannu biyu kamar yadda yake dafa saniyar da ta haihu lahiya.

A nan kuma na sake yin wauta. Gari ya ɗauka, ko'ina anka gan ni ana sa albarka, kaina ya yi girma. Na wanke mata laka a waje, na ci gaba da aiki, ban leƙa cikinta ba. Ashe ruwa ya shiga buwat ta ƙofar shan iska. Ba a jima ba ta fara santsi, tana kuka ba ta ja. Da Kojo ya zaro sandar, man ya zama kamar kunu da nono. Ya dube ni ya girgiza kai, ya ce da ran nan na kawo ta, wanki kawai za a yi. Yanzu sai an sauke ta an canza faya-fayen ciki.

Na tahi wurin Hajiya. Na gaya mata komi, ban rage ba. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Shigarta ruwa ni na ce ka shiga, kuma ko yau zan sake cewa. Rashin dubawa naka ne. A gyara ta. Amma Malam Hamidu, wanda ya yi maka irin wanga aiki, ko ƙarfe ne, ana tambayarsa ya ya kwana."

Anka gyara. Wannan ne kaɗai karon da anka taɓa buɗe buwat ɗinta, kuma ba laifinta ba ne. Tun kana ajin farko take jan shinkafa da albasa da shanu, yau ga ka da gemu, tana nan tana ja. Kujerunta sun mutu, ƙofar hagu da igiya nake ɗaure ta, amma canjin giyarta na nan lumui kamar ran farko.

Saboda haka in ka ratsa ruwa mai zurfi, kada ka kwana ba ka duba mai ba. In ka kafe, kada tsoro shi tuƙa maka mota, ka bari taya ta tsaya kafin ka canza gaba ko baya. In ka yi ɓarna, ka je da ƙafarka ka gaya ma maigidanka kafin shi ji a bakin wani. Ka nemi makanike guda na kirki a Faraku, ka riƙa gaishe shi ko ba ka da gyara. Kuma ran da mutane ke yabonka, ran nan ka fi bukatar buɗe murfin mota.

Saura magana guda. Watan jiya ina zaune wurin mai shayi kusa da duwan, ofishin kwastan, sai ga kamiyon kawunka ya zo da rimok zai shiga lungun masu albasa da baya. Lungun nan ni kaina da ƙuruciyata sai na gwada na sake gwadawa. 'Yan zem, masu babur na haya, sun cika bakinsa, ga mata da tire. Na ga direban ya leƙa madubi, ya jira wata tsohuwa ta wuce da kwandonta, sannan ya shiga a tashi guda, bai taɓa ko buhu ba. Wanda ke gefena ya aje kofi ya ce, "Kai, wane ne wanga?" Na duba da kyau, sai na ga kai ne. Na ce mai, "Ɗana ne." Na faɗa da ƙarfi har mai shayi ya waiwayo. Hannunka ya fi nawa, Isuhu, kuma ka fi ni sanyin zuciya. Maigidanka ya yi dace, shanun da za su hau bayanka ma sun yi dace.

Allah shi kiyaye gabanka da bayanka. Allah shi raba ka da tsautsayin hanya, da barcin sitiyari, da abokin banza. Shi kai ka lahiya duk inda ka nufa, shi maido ka lahiya, kai da abin da ka ɗauka. Ka riƙe salla ko kana bisa hanya. Innarka da ƙannenka na gaishe ka, Hajiya Bibata na sa maka albarka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Hamidu